Launi a Hannun Yaro: Yadda Yahudawa Ke Koyar da Labaran Idinsu, da Abin da Muke da Shi a Gida

Lacca ga malaman ƙananan azuzuwan firamare da Islamiyya na Gaya da Ajingi

 

Na san tun da aka ga sunan Yahudawa a takardar gayyata wasu suka ɗaure fuska, kuma ban ga laifinsu ba. Tun daga Oktoban 2023 muke kallon gawarwakin yaran Gaza a wayoyinmu, babu mai imanin da zai ga haka zuciyarsa ba ta yi ƙuna ba. Tawa ma tana yi. Amma abin da ya tara mu yau shi ne yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, da yadda labari ke shiga kansu ya zauna har tsufa. A wannan fage akwai al'ummar da ta shafe kusan shekara dubu biyu tana gwaji, mafi yawan lokacin a warwatse cikin ƙasashen wasu, ba sarki ba runduna, sai uwa da uba da malamin unguwa. Gwamnati mai jefa bam daban, uwar da ta zaunar da ɗanta tana nuna masa zane daban. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi mana izinin ba da labari daga Banu Isra'ila, ya kuma hore mu kada mu gaskata Ma'abota Littafi a kan abin da ba mu da tabbacinsa, kada kuma mu ƙaryata su. Duka biyun suna cikin Bukhari, kuma a kan wannan ma'auni zan tsaya har in sauka.

Bari mu fara da Masar. A tsohon garin Fusɗaɗ, wanda yanzu Alƙahira ta haɗiye, akwai majami'ar Yahudawa da ake kira Ben Ezra. A al'adarsu ba a yar da takarda mai ɗauke da sunan Ubangiji a bola, abin da mu ma muka sani. Sai suka ware wani ɗaki a saman ginin, duk takardar da ta tsufa a jefa ta ciki. Haka aka yi ta tarawa kusan shekara dubu. A ƙarshen 1896 wani malamin Jami'ar Kambirij ta Ingila mai suna Solomon Schechter ya isa wurin, ya kwashi gutsattsarin takardu kusan 193,000 ya tafi da su, suna can har gobe. A ciki akwai wasiƙun fatake da takardun aure da hukunce-hukuncen alƙalai, da yawansu da harshen Larabci amma da baƙaƙen Ibrananci. Akwai kuma takardun ƙananan yara masu koyon babbaƙu. Abin da malaminsu ke yi shi ne ya zana gefen harafi ƙato, ya bar cikinsa fili, yaro ya ɗauki tawada ya cike shi, wani lokaci da launi iri-iri. A gefen wasu takardun har ana ganin ɗan zane-zanen da yaro kan yi idan karatu ya gundure shi. Wasu daga cikinsu sun doshi shekara dubu, a tsakiyar garin Musulmi, a nan nahiyarmu. Littafin shafa launi na kanti kuwa sai wajen 1880 kamfanin McLoughlin ya buga shi a Niyok, kirayon na Crayola kuma ya shigo kasuwa a 1903. Saboda haka mai cewa cika zane da launi wasan Turawa ne na makarantar 'yan gata bai leƙa tarihi ba.

A Jamus da Faransa kuma, wajen ƙarni na 12 da na 13, ranar da za a kai yaro makaranta sai a rubuta masa baƙaƙe a allo, a shafa zuma a kai, malam ya karanta, yaro ya maimaita ya lashe. Mu da muke wanke allo mu sha, wannan ba zai zame mana baƙo ba.

To, amma zuciyar koyarwar tasu tana wurin idi. Babban idinsu a wannan fanni shi ne Fesak, wanda 'yan'uwanmu Kiristoci Hausawa suka sani da Idin Ƙetarewa, wato tunawa da fitar Banu Isra'ila daga hannun Fir'auna. Yana farawa daren 15 ga watansu na Nisan, cikin Maris ko Afrilu, daidai lokacin da bazara ke gasa mu a nan. Ina so ku zo mu leƙa gidan a daren farko. Iyali sun kewaye abinci, kaka da jika. Akwai busasshiyar gurasa marar yisti, saboda kakanninsu sun fita cikin gaggawa ƙullu bai samu ya tashi ba. A faranti akwai ganye mai ɗaci, ɗacin bauta ke nan. Akwai ruwan gishiri da ake tsoma ganye a ciki, hawaye ke nan. Akwai wani kwaɓi na 'ya'yan itatuwa mai launin ƙasa, shi ne lakar da aka sa su kwaɓawa don gine-ginen Fir'auna. Kafin uba ya shiga labari, sai autan gidan ya miƙe ya yi tambayoyi huɗu da ya yi makonni yana haddacewa: me ya sa yau sai wannan gurasar kaɗai, me ya sa ake cin ɗaci, me ya sa ake tsomawa har sau biyu, me ya sa kowa ya kishingiɗa yana ci? Sai an yi tambayar sannan labari ke buɗewa. Can kuma an gutsuri rabin gurasa an naɗe an ɓoye a wani lungu na gida. Ba a rufe cin abinci sai yara sun nemo ta, wanda ya samo a ba shi tukuici. Da wannan dabara yaro ba ya gyangyaɗi ko da dare ya yi nisa.

Ba haka kawai abin ya faɗo ba, malamansu ne suka tsara shi da gangan. A cikin Talmud, littafin malamansu, an ambaci raba wa yara gasasshen hatsi da ƙwayayen itace a daren don kada barci ya kwashe su, su samu su yi tambaya. Babban malaminsu Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya zauna a Fusɗaɗ ɗin nan ya yi aikin likita a fadar Ayyubawa har ya rasu a 1204, ya rubuta cewa wajibi ne uba ya sauya wani abu a daren, abin da yaro zai gani ya yi mamaki ya buɗe baki, kuma a ba kowane yaro labarin gwargwadon hankalinsa. Littafin da suke karantawa a daren, Haggada, ya kasa 'ya'ya gida huɗu: mai hikima, mai taurin kai, mai sauƙin kai, da wanda ko tambayar ma bai iya ba. Na ƙarshen nan an ɗora wa uba nauyin ya fara buɗe masa maganar. Malamai, a kowane aji da kuke shiga waɗannan huɗun suna zaune a gabanku, kuma na huɗun sun fi yawa. Wannan ne abin da na fi so mu ɗauka. A gidajenmu yaro mai yawan tambaya shi ake ce wa ya cika surutu, a kore shi waje, alhali tambayar ce ƙofar da ilmi ke shiga.

Ina launi ya shigo? Makonni kafin idi, a makarantun ƙananan yaransu a Amurka da Ingila da sauran wurare, kowane yaro yana haɗa ɗan littafinsa. Yau a ba shi shafi mai zanen kwandon jariri a cikin ciyayin bakin kogi, malama ta ba da wannan yanki na labarin, yara su shafa launi. Gobe kurmin da ke cin wuta bai ƙone ba. Jibi kwaɗi, gata teku a tsage. A ƙarshe a ɗinke shafukan, yaro ya tafi da su gida, ya buɗe a daren idi a gaban kakansa. Ku lura da wannan da kyau: shafin yana da ranar aiki. Yaro ya san akwai daren da za a ce ya nuna, ya kuma faɗi abin da ke ciki.

Sauran bukukuwan nasu ma haka suke, zan bi ta kansu da sauri. A Hanuka, cikin hunturu, suna tuna yadda mayaƙansu Makkabiyawa suka ƙwato Haikalin Ƙudus daga sarki Antiyokus na Huɗu a shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa, da ruwayarsu ta cewa man fitila na kwana ɗaya ya kai kwana takwas. Ana ba yaro zanen fitila mai rassa tara, kowane dare ya shafa wa harshen wuta ɗaya rawaya, yana koyon labari yana koyon ƙidaya. A Furim suna karanta labarin sarauniya Esta da waziri Haman a ƙasar Farisa, yara su shafa wa kambi da abin rufe fuska launi, su yi shigar ban dariya, su kaɗa abin ƙara duk sanda aka ambaci sunan mugun. Wanda ya yi tashe yana yaro, ya liƙa gemun auduga ya bi gida-gida bayan goma ga azumi, ya san daɗin wannan. A Idin Bukkoki kuwa, cikin kaka, iyali na kafa bukka mai rufin rassa su ci abinci a ciki kwana bakwai, zanen yara shi ne adon bangonta. Watanninsu na wata ne irin namu, sai dai suna ƙara wata guda sau 7 a cikin kowace shekara 19, shi ya sa kowane idi nasu yake tsayawa a yanayinsa, namu kuwa yake zagayawa.

Yanzu mu dawo gida. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa da Manzon Allah ya isa Madina ya tarar Yahudawa na azumin Ashura. Ya tambaye su dalili, suka ce ranar ce Allah ya tserar da Annabi Musa da mutanensa, ya nutsar da Fir'auna. Sai ya nuna cewa mu muka fi cancanta da Musa, ya azumci ranar, ya kuma yi umarni a azumce ta, daga baya ya yi niyyar haɗawa da ranar tara. Ashe ke nan labarin da yaron can ke shafa wa launi, asalinsa namu ne mu ma, har da ranarsa a kalandarmu. Babu Annabin da aka ambaci sunansa a Alƙur'ani kamar Annabi Musa, sau 136. Ga shi a Ƙasas, ga shi a Ɗaha, ga shi a A'arafi da Shu'ara'i. Amma ku tare yaro ɗan shekara shida a cikin garin nan ku tambaye shi me ake yi a Cika-ciki. Zai gaya muku tuwo, zai gaya muku jelar ragon layya da aka adana tun Babbar Sallah, zai ce a ci a ƙoshi, watakila ya ƙara da kuɗin shara da taubasai ke karɓa. Ku ce masa me ya faru a ranar har ake azumi, sai ya sunkuyar da kai. Abincin ya isa gare shi, labarin ya tsaya a wurin manya, can cikin tafsirin dare da ake yi bayan ya yi barci. Wannan abu yana damuna ƙwarai, don ba rashin labari ne ya jawo ba. Labarin jaririn da uwarsa ta saka a akwati ta sake shi a kogi, yayarsa tana bin gaɓa tana leƙe daga nesa, ya ƙi nonon kowace mace har aka mai da shi hannun mahaifiyarsa, wane yaro ne zai ji wannan ya motsa daga inda yake zaune?

Launi ma ba aro za mu yi ba. Ku tuna allon zayyana. Mai zayyana ya samu sabon allo ya goge shi sumul, ya ja layuka da alƙalami a tsanake, murabba'i cikin murabba'i, da'ira na cin da'ira, sannan ya bi gida-gida na zanen yana cikewa, nan ja, nan rawaya, nan kore, hannunsa ba ya rawa. A tsakiya a rubuta Fatiha da farkon Baƙara. Ranar sauka yaro ya rungumi allon ya zaga dangi yana karantawa ana ba shi kyauta, gidan da aka rataye shi kuwa an san an yi abin kirki. Ku duba kuma Alƙur'ani rubutun hannu irin na ƙasar nan, irin wanda marigayi Sharu Bala Gabari ya shahara da shi a Kano: baƙi na baƙaƙe, ja na wasali, ɗigon rawaya da na kore kowanne da hukuncin da yake nunawa. Kakanninmu sun daɗe da sanin cewa launi na taimakon ido ya riƙe karatu. Inda na ga mun yi sake shi ne mun ajiye launi sai ranar ƙarshe, kuma a hannun wani. Yaro ya yi shekaru da baƙar tawada kaɗai, sai ya kai gaci a biya gwani ya yi masa ado. Wanda bai kai sauka ba, kuma kun san suna da yawa, musamman 'yan mata, har abada launi bai taɓa haɗuwa da karatunsa ba.

Mu mutanen Gaya bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Tarihin baka ya ce Abagayawa, maƙeran da suka tashi daga nan suka je gindin Dala neman tama, su ne tushen Kano. Ɗan maƙeri kuwa ba a zaunar da shi a karanta masa yadda ake ƙera fartanya, zuga-zugi ake miƙa masa tun hannunsa bai gama ƙwari ba, sanin ya bi ta hannu ya hau kai. Yaro ɗan shekara biyar haka yake da labari.

Allah ya gafarta malamai, na ga tambayar da ke bakinku: hukuncin zane fa? Tambaya ce mai nauyi, kuma ku ne masu fatawa. Abin da ɗalibi irina ya karanta shi ne Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta tsakanin mutum-mutumi cikakke mai inuwa da zanen da ke shafe a kan takarda ko tufa, suka tsananta a na farko, suka sassauta a na biyu. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana, har da doki mai fukafukai, Manzon Allah ya gani ya yi dariya. Amma akwai iyakar da ba ma ƙetarewa ko kaɗan, kuma a nan muka rabu da shafukan Yahudawa. Su suna zana Annabi Musa da gemu da sanda a hannu. Mu ba ma zana Annabi, ba ma zana mala'ika, ba ma zana Sahabi.

Su ma fa sun yi fama da wannan mas'ala, don Attaura ta hana su sassaƙa siffofi. Akwai wata Haggada da aka yi a kudancin Jamus wajen shekara ta 1300 wadda aka zana mutanen cikinta da kawunan tsuntsaye, masana da dama na ganin kauce wa zana fuskar mutum ne. Akwai wata kuma mai zane-zane masu kyau da aka yi a Sifen wajen 1350, ta fita da masu ita bayan korar Yahudawa daga ƙasar a 1492, ta yi ta yawo har gidan tarihi na Sarayebo a Bosniya ya saye ta a 1894. A Yaƙin Duniya na Biyu wani hafsan Jamus ya zo karɓarta. Mai kula da littattafan gidan, wani malami Musulmi mai suna Derwish Korkut, ya ɓoye ta, ya fitar da ita zuwa wani ƙauyen Musulmi a cikin duwatsu, ta zauna can har yaƙi ya ƙare. Ya san littafin wane addini ne, ya kuma san abin da zai same shi in an kama shi. Littafin na nan har yau, da tabon abin sha a shafukansa, shaidar cewa an yi ta buɗe shi a wurin cin abinci.

Iyakar nan tamu ta rashin zana Annabi, da na zauna na auna ta, sai na ga riba ce ga malami. Ku zana akwati a kan ruwa, da ciyayi a gaɓa. Ku zana wuta can nesa a gefen dutse, da takalma biyu a ajiye. Ku zana sanda ita kaɗai. Ku zana dutse da idanun ruwa goma sha biyu suna ɓuɓɓuga, yaro ya ƙirga su yana shafawa. Ku zana ruwa ya miƙe dama da hagu kamar manyan duwatsu, busasshiyar hanya a tsakiya, ba kowa a kanta sai sawun ƙafafu. Tun da babu mutum a shafin, dole a yi tambaya: takalman wa ne waɗannan, me ya sa ya cire su, su wa suka bi ta hanyar nan? Amsar ba ta kan takarda, sai ta fito daga bakin yaro. Kwaɗi da fara kuwa, malamin da zuciyarsa ba ta natsu da zana su ba, ya zana ganyen gero da fara ta cinye ta bar shi huda-huda. Yaron Ajingi ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Ina gargaɗin matasan malamai masu waya: kada ku sauko da shafi daga intanet ku kai fotokwafi ba ku duba ba. Ruwayarsu da tamu sun haɗu a wurare, sun rabu a wurare. A wurinsu 'yar Fir'auna ce ta tsinci jaririn, a Alƙur'ani matar Fir'auna ce ta roƙa a bar shi. Su suna ƙirga annoba goma, Alƙur'ani ya ambaci ayoyi tara da aka ba Annabi Musa, ya kuma jero ambaliya da fara da ƙwarƙwata da kwaɗi da jini. Hamana na Alƙur'ani na hannun daman Fir'auna ne a Masar, Haman na labarin Esta wazirin sarkin Farisa ne, kada a cakuɗa. Labarin Hanuka da na Furim ba sa cikin abin da aka saukar mana, don haka ba darasin addini ba ne ga ɗan shekara biyar. Amma ɗan aji biyar ko shida, wanda gobe zai je jami'a ko kasuwa ya haɗu da mutane iri-iri, har da 'yan Najeriya masu bin addinin Yahudanci a Abuja da kudu maso gabas, babu laifi ya san cewa akwai masu tuna fitar Masar ta hanyarsu, ya san inda muka yi tarayya da inda muka saɓa.

Akwai wata al'ada tasu a daren Fesak da nake so ku ji. Idan aka zo ƙirga annobar da ta sauka a kan Masarawa, kowa na tsoma yatsa a kofinsa ya ɗigar da ɗigo ɗaya waje a kan kowace annoba. Abin shan nasu ruwan inabi ne, ba namu ba ne, amma fassarar da yawancinsu ke bayarwa ta tsaya mini a rai: ana rage daɗin kofin ne saboda waɗanda suka halaka su ma mutane ne. Na kawo wannan don shafin launi na iya dasa ƙiyayya kamar yadda yake dasa labari. Duk malamin da ya zana wata ƙabila ko wani addini da fuskar dodo ya miƙa wa yaro ya shafa, ya cuci yaron. Kuma a faɗa wa yara gaskiya: waɗanda ake yanka jariransu a labarin nan, waɗanda Allah ya buɗa wa teku, Banu Isra'ila ne. Abin da aka nutsar shi ne girman kai da zalunci, kuma yaron da ya gane haka zai gane azzalumi a duk rigar da ya sako.

Shafa launi kansa yana da masu suka, kuma suna da hujja. Wani masanin koyar da zane a Amurka, Viktor Lowenfeld, ya fitar da littafi a 1947, ya kuma yi ta jayayya cewa sabo da cika zanen wani na kashe wa yaro ƙarfin ƙirƙiro nasa. Na ga alamar haka da idona a wata makaranta. An raba shafi mai kogi, wata yarinya ta ɗauki fensirin kala mai ruwan ƙasa ta dage tana shafawa, harshe a waje, har takardar ta kusa hujewa. Malamin ya tsaya a kanta ya ɗaga murya, wai wa ya ce mata ruwa haka yake, ruwa shuɗi ne. Yarinyar ta ce a hankali, ita da suka haye gadar Wudil da damina haka ta gan shi. Ita ce da gaskiya, kuma kogin Nilu ma a lokacin cikarsa haka yake zuwa da laka kafin a datse shi a Aswan. Shafin da aka ba yaro don a rufe masa baki malam ya samu ya duba waya, ko don a dake shi in ya fita layi, gara ba a ba shi ba. A ba da labarin tukuna, da murya da hannu da ido, yadda kakanninmu mata ke yin tatsuniya. Sannan a raba shafi, malam na zagawa yana tambaya. Bayan takardar kuma a bar shi fari, a ce kowa ya zana abin da ya fi tsaya masa a labarin.

Na san za a ce ina kuɗin. Ajin da yara ke zaune a ƙasa, wa zai saya musu kirayon? Bandir ɗaya na farar takarda 500 ne, in an raba biyu ya zama dubu. Inda babu fotokwafi, a yanka siffar akwati da sanda da dutse a jikin kwali, yara su ɗora su bi gefe da fensir, wannan ma horon yatsu ne kafin rubutu. Launi kuwa yana cikin gidajenmu: gangamau ya ba da rawaya, zoɓo da karan dafi su ba da ja, bula ta wanki ta ba da shuɗi, ga gawayi, ga jar ƙasa, ga lalle. A jiƙa ɗan ƙaro a zuba don ya kama takarda, yadda ake yi wa tawada. A tauna bakin tsinken asuwaki ko a naɗa auduga a tsinke, an samu abin shafawa. Kada dai a kusanci garin batir ko ragowar fentin gini, don hannun yaro ba ya nisa da bakinsa. Abu ɗaya kuma da nake roƙo da babbar murya: kada a rubuta aya ko sunan Allah a shafin. Kun san inda takardun yara ke ƙarewa, wurin mai ƙosai ko cikin kwata. A rubuta kalma ɗaya ko biyu da Hausa, da boko ko da ajami, manya-manya masu fili a ciki, akwati, kogi, sanda, yaro ya cike su da launi.

Daga ranar Layya zuwa Ashura wata guda ne cif. Ina roƙon shugabannin makarantu su ware wannan watan a shekarar da ke tafe, shafi biyu a mako, shafi takwas ke nan, a ɗinke su da zare da allura. Inda hutun boko ya faɗo a ciki, Islamiyya ta ɗauka. A aika wa iyaye saƙo ta bakin limamai cewa a daren Cika-ciki, bayan an sauke tuwo, yaro zai zo da ɗan littafinsa, uba ya daure ya zauna a cikin gida, ya bar majalisa na rabin sa'a, ya tambaye shi shafi-shafi. Iyaye mata, ku na san za ku zauna ko ba a roƙe ku ba. In wannan ya kama, labarin ragon Annabi Ibrahim da na jirgin Annabi Nuhu da na rijiyar Annabi Yusuf suna jira, kowanne ana iya zana shi ba tare da an zana mutum ba. Masu hannun zane a cikinku, da duk wanda ya taɓa koyon zayyana, ina roƙo ku dakata bayan an tashi, a samo kwali da reza mu yanka siffofin farko tare, kowace makaranta ta tafi da nata.